Bakancen Wanzamin Karnuka

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Monimbó ya san Don Evenor Potosme, in ma shi bai san shi ba to karensa ya san shi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa, kuma katangar ba ta kai wuyana ba, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba. Ni tela ce. Ni na riƙe 'yarsa ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa yake ce mini komadre nake ce masa kompadre, kuma shi ya sa nake da izinin faɗa masa abin da matarsa take haɗiyewa.

Asalinsa wanzamin mutane ne. Ya gaji kujera da madubi daga kawunsa, ya yi shekaru yana yi wa maza aski iri ɗaya tak, wanda ya koya tun yana saurayi, ko ango ne kai ko gawa. Da samari suka fara zuwa da hotuna a waya suna cewa a zana musu walƙiya a ƙeya, sai ya ce shi ba mai fentin mota ba ne. Suka tafi wajen masu zanen, suka bar shi da tsofaffi masu sanƙo waɗanda kansu bai kai a kunna inji ba. Ana cikin haka wata mata ta shigo da ɗan karenta, gashi ya cukurkuɗe masa har ba ya ganin gabansa, ta roƙe shi ya taimaka. Ya yi masa askin nan nasa guda ɗaya. Karen bai nemi madubi ba, bai ce an cinye masa gefe ba. Kafin mako ya zagayo Evenor ya sauke madubin, ya sa an goge allon ƙofa an sake rubutu.

A bayan gida yake aikin, a kan dakalin siminti da matarsa Marbelí take wanki, mai tsayi har cibiya. Sauran masu sana'ar a cikin gari suna da tebur mai hawa da sauka, da maɗauri da ake saƙala wa kare ya tsaya cak. Evenor ya ce wannan kayan ragwaye ne. Shi da hannu ɗaya yake sunkutar kare daga ƙasa ya dire shi a kan dakali, hannun dama, ko da karen ya kai ɗan maraƙi. In an gama wanka sai ya ɗaga injin busar da gashi sama da kansa ya yi ta kaɗa shi, wai daga sama iska ta fi ratsawa. Da hannun nan dai yake tsefe gashin da ya dunƙule, da shi yake riƙe almakashi, da shi yake fizgo karen da ya yi niyyar tsalle. Na hagu kuwa aikinsa dafa wuyan kare da ɗaga wa masu wucewa. Masu wucewar ba sa yankewa, domin da gangan ya cire ƙyauren baya a riƙa hango shi daga titi.

"Komadre," yakan ce mini ta saman katanga, "tunda kike, kin taɓa ganin kare ya kuɓuce mini?"

"Ban taɓa ba, kompadre. Ban kuma taɓa ganin wanda ya ba ka lambar yabo ba."

"Hassada ce ke damunki. Dubi damtse!"

Nakan duba. Damtse ne na mutumin da ya haura hamsin yana cin wake da shinkafa safe da yamma, amma a idonsa na ɗan dambe ne.

Ciwon bai zo da sallama ba, kuma shi bai yarda ya zo ba. Ni na fara ganewa, don idon tela a kan kafaɗun mutane yake. Na ga ya daina rataya hularsa a ƙusar sama ya koma ajiye ta a kan kujera. Na ga ya ƙaurar da abin da yake sa wa a aljihun baya zuwa aljihun gaba, domin hannun ba ya zagayawa. In zai taje kansa, kan ne yake sunkuyowa ya sami matajin. A coci ma, alamar gicciyen da yake yi ta ƙanƙance, daga haɓa take farawa maimakon goshi. Marbelí ta ce mini ya daina kwanciya a gefen dama, in ya juya cikin barci sai ya saki wata ƙara, da safe kuma ya ce mafarkin ɓarayi ya yi.

Ranar da na tare shi, yana ƙoƙarin ɗaga wata karya mai jego ne, ya kai ta rabin hanya fuskarsa ta yamutse kamar ya tauna lemon tsami.

"Kafaɗar ce ko?" na ce.

"Wace kafaɗa? Iska ce ta shige ni. Na yi wanka da zafin jiki."

"Iskar nan ta daɗe. Ta kama ɗaki ke nan."

"Ke dai ki ji da kekenki."

Da abin ya ci tura, sai ya tafi wajen Don Cástulo maɗori, wanda ke gyara targaɗen 'yan ƙwallo da na dawakan keken haya da hannu ɗaya da man shafawa ɗaya. Don Cástulo ya kwantar da shi a ƙasa, ya shafe shi da wani mai da ya ce na maciji ne, ya taka hammatarsa da ƙafa, ya ja hannun kamar mai tumɓuke rogo. Tun daga ɗakin ɗinkina na ji ihun, ga shi kuwa gidan maɗorin a can ƙarshen layi yake. Evenor ya dawo yana gumi, hannu a manne da ciki, yana cewa yau ya ga magani na gaskiya. A wajensa maganin da bai sa mutum kuka ba wasa ne. Daga nan ya koma ga allurar kemis. Allurar ta kashe zafin na kwana biyu, shi kuma ya yi amfani da kwana biyun ya ɗaga duk karnukan da ya tara, har da waɗanda suke iya hawa da kansu. Da ta sake shi, ko kofin shayi bai iya miƙa wa baƙo ba.

Marbelí ce ta ja shi asibitin unguwa da faɗa da kuka. Ni ma na bi su, na ce gwiwata za a duba, amma gaskiya irin wannan kallo ba a barin sa ya wuce. Aka tura mu wajen likitar motsa gaɓoɓi, wata yarinya siririya da ba ta girmi 'yarsa ba. Ta sa ya ɗaga hannu gefe, ya kai daidai kafaɗa ya tsaya yana cije leɓe. Ta danna nan, ta juya can, ta sa ya tura tafinta ya kasa.

"Don Evenor," ta ce, "akwai jijiyoyi da suka kewaye kan ƙashin hannunka suka riƙe shi a gurbinsa. Ɗaya ta fara zarewa, kamar ɗinkin da ya soma warwarewa. Ba ta tsinke ba tukuna. In ka hutar da ita ka ƙarfafa na kusa da ita, za ka ci gaba da sana'arka. In ka ci gaba da sunkutar karnuka, wata rana za ta tsinke gaba ɗaya, kuma daga ranar almakashi ya fi ƙarfinka."

Ta ce ya daina ɗaga kare, ya jingina katako su riƙa hawa da ƙafarsu. Injin busarwa ya tsaya daidai ƙirji, gwiwar hannu kusa da jiki. In ya gama aiki ya naɗe ƙanƙara a tsumma ya ɗora. Ta ba shi wata igiyar roba ja ta nuna masa yadda zai riƙa ja a hankali. Sannan ta tsaya gaban bango, ta ɗora yatsunta, ta sa su suna hawa kaɗan-kaɗan har inda zafi zai fara, su sauko. Ta ce safe da yamma.

Evenor ya kalle ta, ya kalli bangon.

"Wato ni, da furfurata, in tsaya gaban bango ina tafiyar gizo-gizo da yatsu?"

"Haka nake nufi."

"Babu allura? Babu abin da za a ja?"

"An ja ya isa haka," ta ce.

A hanyar gida ya ce yarinyar nan ko kyanwa ba ta taɓa ɗagawa ba. Igiyar robar kuwa ta yi amfani ƙwarai, da ita aka ɗaure ƙofar akurkin kaji.

Na ji haushinsa a lokacin, haushi na gaske, domin na san abin da gidan nan yake ci daga hannun nan yake fitowa, kuma mai hannun ya fi son ya rasa shi da a gan shi yana abin da bai yi kama da na maza ba.

Damina ta yi nisa, aikin ya ragu don ya fara mayar da manyan karnuka yana cewa ba shi da lokaci. Sai wata safiya ya sa farar riga ya fita shi kaɗai. Ya dawo fuskarsa a sake, ya tara mu ni da Marbelí kamar zai karanta wasiyya. Ya ce ya je gaban San Lázaro, waliyyin karnuka da masu ciwo, ya yi bakance. In waliyyi ya mayar masa da hannunsa, shi kuma ranar bikinsa zai cika abin da ya ɗauka.

"Me ka ɗauka?" Marbelí ta tambaya.

"Tsakanina da shi ne. Maganar maza ce."

Ba mu matsa ba, domin a nan ba a tilasta wa mutum ya faɗi bakancensa. Amma ya ƙara da cewa daga yau kafaɗar nan ba tasa ba ce, ajiyar waliyyi ce, kuma ba zai ɗaga ko ɗan kwikwiyo da ita ba sai ranar biki. Da yamma da kansa ya nemo katako ya jingina a dakali. Muka kalli juna ni da Marbelí. Abin da likita ta faɗa da karatunta aka watsar, ga shi an yi shi da rawar jiki don an canja wa maganar mai ita.

A nan dabara ta zo wa Marbelí. Matar nan shiru-shiru ce, irin waɗanda ake zaton ba sa tunanin komai sai abin da za a dafa, alhali shekarun da ta yi da Evenor sun koya mata yadda ake juya jaki ba tare da ya san an juya shi ba. Ta sayo hoton waliyyin, tsohon nan mai sandunan dogarawa da karnuka suna lasar gyambonsa, ta kafa ƙusa a bangon falo daidai kafaɗar mijinta ta rataya. Ta ce kakarta ta gaya mata, mai bakance dole ya taɓa ƙafar waliyyi safe da yamma da gaɓar da ke ciwo. Amma ba a cafkar waliyyi kamar ana kama kaza. Daga ƙasa ake farawa, da kan yatsu, a hau a hankali cikin ladabi ana addu'a, a taɓa, a sauko yadda aka hau.

Evenor ya ce ai shi ma ya taɓa jin haka.

Daga ranar, safe da yamma, sai ka ga Don Evenor Potosme a gaban bango, ido a rufe, baki yana motsi, yatsu suna tafiyar gizo-gizo. Duk sa'ad da yatsun suka fara isa ba wahala, Marbelí takan jira ya tafi sayen sabulun karnuka, ta zare ƙusar ta ɗaga ta sama da ɗan yatsa guda, ta toshe tsohon ramin da farar ƙasa. Ni nake riƙe mata kujera. Mun yi dariya a falon nan har na taɓa zama a ƙasa.

Wata rana ya kira ni ta katanga, murya ƙasa-ƙasa.

"Komadre, zan gaya miki wani abu, amma kada ya fita."

"Ina ji."

"Hoton nan hawa yake yi."

"Wane irin hawa?"

"Da kansa! Da yana daidai kafaɗata, yanzu ya wuce kunnena. Jawo ni yake yi sama, komadre. Kullum sai ya ce mini ƙara kaɗan."

Na ce ikon Allah ke nan, na shige ɗaki na cusa ƙyalle a baki.

Kafin azumin Ista ya kama, hoton ya wuce saman ƙofa, hannun kuma ya bi shi. Hula ta koma ƙusar sama. Alamar gicciye ta koma goshi. Ya ci gaba da aski, karnuka suna hawa katako da ƙafarsu, ba wanda ya rage kawo kare don ba a sunkuce shi ba. Har likitar da muka koma wajenta ta yi mamaki, ta ce ashe yana yin abin da ta ce. Ya yi mata murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa yaron da ya ce shi ya sa rana ta fito.

Makon bikin San Lázaro shi ne makon da ni da shi ba ma samun sararin cin abinci a zaune. Kowa yana son karensa ya je gaban waliyyi da wanka da sutura, shi yana wankewa yana askewa, ni ina ɗinka musu rigunan amare da na 'yan ƙwallo da na likitoci. Cikin wannan hada-hadar ya shigo ɗakina yana jan Ɗan Majalisa.

Ɗan Majalisa karen Doña Leonor ne mai soya naman alade a bakin kasuwa. An sa masa sunan ne don ba ya komai sai ci da barci, kuma duk abin da ya faɗo daga kaskon uwar gijiyarsa cikinsa yake shiga. Faɗin bayansa ya isa a yi guga a kai. In zai hau katakon Evenor sai katakon ya lanƙwashe.

"Ki gwada shi," ya ce. "Kwat nake so, baƙa, da laƙataye. Amma kada ki sa yadi mai santsi a ciki, don kada ya zame mini."

"Ya zame maka daga ina?"

Sai ya miƙe ƙirji ya faɗi bakancen. Ya ɗaukar wa waliyyi cewa in hannu ya dawo, zai saɓa kare mafi nauyi cikin waɗanda yake wankewa a kafaɗar da ta warke, daga ƙofar gidansa har gaban waliyyi a cikin coci, ba saukewa, ba sauya kafaɗa.

Na ajiye abin awo. "Kompadre, ka haukace ne?"

"Na ɗauka, ya cika nasa."

"Waliyyin nan shi kansa da sanduna yake tafiya. Ka taɓa ganin hotonsa ya saɓa kare? Karnukan da ƙafarsu suke bin sa!"

"Shi ya sa yake son wanda zai ɗaukar masa."

Na ƙwalla wa Marbelí kira. Ta zo da kumfa a hannu, ta ji, ta zauna a kan tarin yadi. Daga nan ta fasa ƙwai. Ta gaya masa babu wata kaka da ta faɗi komai, ita ta ƙirƙira. Ta gaya masa ita take ɗaga ƙusa, ta ja shi falonsu ta kankare farar ƙasar da farce, ga ramuka a jere tun daga kafaɗa har saman ƙofa. Ta ce abin da ya warkar da shi hutu ne da tafiyar gizo-gizon da ya raina, kuma likita ta ce jijiyar ta lafa ne, ba sabuwa aka sa masa ba.

Ya daɗe yana kallon ramukan. Na ce a raina yau dai magana ta shiga. Sai ya juyo, idonsa har da ƙwalla.

"Marbelí, ke da ko wasan kati ba ki iya ba, wa ya sa miki wannan dabarar a ka? Ashe har ta hannunki ya biyo. Kai, waliyyin nan ya yi mini aiki!"

Muka kai ƙara wajen limamin coci. Fada mutum ne mai hankali, ya zo har gida ya ce masa bakance ana iya sauya shi in zai cutar da mai shi. Ya kunna kyandir, ya dafa tukunyar chicha, abin shan nan na masara, ya raba wa masu ziyara kamar yadda kowa yake yi, ya ja karen da igiya, waliyyi ya karɓa. Evenor ya sumbaci hannunsa, ya raka shi har titi, ya dawo ya ce Fada mutumin kirki ne amma ba ya wurin lokacin da aka yi maganar.

A lokacin na gane abin da ke ciki, kuma har yau ba wanda ya canja mini ra'ayi. Tsoron waliyyi kaɗan ne a lamarin. Watanni ke nan ba wanda ya tsaya a titi ya kalli Don Evenor yana ɗaga kare, kuma ranar biki duk garin yana kan titi.

Na ɗinka kwat ɗin. In ban ɗinka ba tsirara zai ɗauke shi, ya fi zamewa.

Ranar Lahadin biki rana ta buɗe tun da hantsi, irin zafin ƙarshen rani da ke sa kwalta ta yi laushi. Layinmu ya cika da karnuka da masu su, ga masu kiɗan marimba, ga masu raba chicha a ƙofar gidaje. Evenor ya fito da farar riga, ya durƙusa, mutum biyu suka taya shi ɗora Ɗan Majalisa a kafaɗar dama, ya zagaye shi da hannu ta sama ya riƙe ƙugunsa. Ya miƙe. Jama'a suka yi shewa. Na ga fuskarsa a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin haka ba.

Ya kama hanya, mu muna biye. Marbelí tana gefensa da kwalbar ruwa. Mutane suna ɗaukar hoto, masu shaye-shaye suna yi masa kirari.

"Sai kai, Don Evenor!"

"A kai shi majalisa!"

"Wanne ne ɗan majalisar, na sama ko na ƙasa?"

Ɗan Majalisa kuwa ya saki jiki, harshe a waje, laƙataye yana lilo, yana kallon talakawa daga sama. Rigar Evenor ta jiƙe ta manne, wuyansa ya karkace, tafiyar ta koma jan ƙafa, amma ya ƙi tsayawa. Har na fara cewa a raina wataƙila wawan nan zai kai.

Mun iso farfajiyar coci, ana ganin kyandirori ta ƙofa, sai ga wata 'yar karya fara cikin rigar amarya da mayafi ta gifta ta gabansu. Ni na ɗinka rigar, kuma ta yi kyau. Ɗan Majalisa, wanda tunda aka haife shi ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya tattara duk naman aladen da ya ci a duniya ya yi tsalle ta baya. Kowane mai hankali sakin sa zai yi. Amma wannan mutumin kare bai taɓa kuɓuce masa ba, ga kuma jama'a. Ya riƙe. Nauyin karen ya ja hannun sama da baya, ya murɗe shi.

Ban ji ƙarar komai ba saboda kiɗa. Na dai ga hannun ya saki da kansa ya faɗo gefe kamar hannun rigar da ba kowa a ciki. Evenor bai yi ihu ba. Fuskarsa ta yi fari fat, ya durƙusa a kan duwatsun farfajiya yana kallon hannun. Ɗan Majalisa ya bi amarya cikin coci da ƙafafunsa, aka yayyafa masa ruwan albarka tare da sauran, ya fito ya kwanta a inuwa.

Hoton da aka ɗauka a babban asibiti ya nuna jijiyar ta tsinke gaba ɗaya ta ja baya. Suka sa sunansa a layin masu jiran tiyata, suka ce ko an yi, kada ya sa rai hannun zai sake wuce ƙirji da nauyi a cikinsa. Likitar motsa gaɓoɓi da ta gan shi ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ni na faɗa a madadinta, sau da yawa, har sai da Marbelí ta roƙe ni in bari.

Yanzu Marbelí ce a kan dakali. Ta iya, don ta shekara da shekaru tana kallo, kuma askinta ya fi nasa iri. Shi yana tsaye a gefe da tiyo a hannun hagu yana ba da umarnin da ba mai bi. Da kansa ya sa aka mayar da ƙyauren baya. Na yi masa dariya iyakar iyawata a rayuwa, amma ranar da na ga matarsa tana yanka masa nama a faranti ƙanana-ƙanana, shi kuma ya kau da kai yana kallon bango, tausayinsa ya kama ni har na bar musu gidan.

Kwanan baya ya shigo ɗakin ɗinkina da rigunansa a leda. Hannun ba ya shiga hannun riga sai da azaba, yana so in farke gefen dama in sa maɓallai. Na karɓa ban yi tsokana ba. Ina cikin farkewa ya zaro wani yankin soson katifa ya ajiye a kan keken.

"Wannan kuma a farar rigar za ki ɗinka shi. A kafaɗar hagu, ta ciki. Ki ninka shi biyu."

Na tsayar da almakashi. "Na mene ne?"

"Karen da ƙafarsa ya shiga, komadre. Kowa ya gani. Ba a cika ba."

"Evenor," na ce, kuma tunda muke ban taɓa kiran sunansa gatsal ba, "hannu ɗaya ya rage maka. Da shi kake cin abinci, da shi kake wanke jikinka. In ya tafi, matar nan ce za ta riƙa ɗaga maka wando. Ba ta yi maka laifin da ya kai haka ba."

"Na hagun ai lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa aikin wahala ba."

"Ba zan ɗinka ba. Ɗauki tsiyarka ka fita."

Bai yi fushi ba. Ya ɗauki soson da ledar sauran rigunan a hannun hagu, ya ce ba komai, akwai teloli a kasuwa. Ya juya ya nufi ƙofa. Ƙofata sakatarta a sama take saboda karnukan masu kawo ɗinki. Ya tsaya a gabanta, hannun hagu cike da kaya, na dama a rataye, yana kallon sakatar. Sai da na tashi na zare masa.